Ummi, Sabis Ɗinki Irin Nawa Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinki Sa'idu, Kasuwar Ose, Anaca, zuwa ga 'yata Ummi mai sunan uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki Fatakwal lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Na aika wa Goggonki Lami takardar ne ta saka miki a jaka, domin abin da ke cikinta bakina ba zai iya faɗarsa a waya ba.

Na san tun ranar Asabar kin ɗauka fushi nake yi da ke. Kin ga na sa hannu a takardar izinin tafiyarki sansanin horo ban ce uffan ba, kin durƙusa kin yi mini sallama na ɗaga miki kai kawai, na hau mota na dawo Anaca. Ba fushi ba ne, Ummi. Kaɗuwa ce, kuma har yanzu da nake rubutun nan ba ta sake ni ba.

Kin san bikin suna ne ya kawo ni Inugu, gidan Goggonki a unguwar Asata. Na duba cikin 'yan matan gida ban gan ki ba, na tambayi Goggonki.

Ta ce, "Yaya, zauna ka ci tuwo tukuna."

Na ce, "Lami, ina Ummi?"

Ta murza bakin mayafi ta ce, "Tashi mu hau keke. Gani ya kori ji."

Tun da keken ya bar wajen kasuwar Ogbete ya yi kwanar da ya yi, gabana ya fara faɗuwa, don na san hanyar. Da muka sauka na leƙa ta cikin shingen waya, sai ga wata yarinya da baƙin hijabi da dogon wando, riƙe da raket, tana tsaye a filin tanis kamar a nan aka haife ta. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Goggonki ta ɗauka wasan ne ya tayar mini da hankali, ta shiga ba ni haƙuri, wai shekara uku ke nan, a makaranta aka fara koya muku, wai jikinki a rufe yake, karatunki bai taɓu ba. Ni kuwa ba na ma jin ta.

Kika tsaya a bayan layi za ki buɗe wasa da bugun da ake kira sabis. Kika jefa ƙwallo sama, ta karkace ta koma bayan kanki. Maimakon ki ƙyale ta, kika lanƙwashe kika bi ta kika maka. Ta faɗa raga. Kika cije leɓen ƙasa, kika jefa ta biyu, kika ƙara mata ƙarfi fiye da ta farko, ta wuce layi da kamu guda. Sai da na dafa ƙarfen waya. Ban taɓa koya miki ba, ba ki taɓa ganina da raket ba, amma hatta cizon leɓen nan nawa ne.

To ki ji abin da ban taɓa faɗa muku ba. Ubanki mai albasa, wanda kika sani da tumbi da warin buhu, ya buga tanis shekara huɗu a wannan filin. Ko an sake shafe shi sau goma, sumuntin ƙasa da hannuna aka kwaɓa shi.

Lebura ne ni lokacin da na zo Inugu daga ƙauye, ina ɗaukar kwanon kankare a ka. Aka ɗauke mu gyaran filin. Da hutun rana ya yi, sai in tsinci tsohuwar ƙwallo a cikin ciyawa in riƙa dukanta a bango da guntun katako. Akwai wani dattijo Inyamiri mai koyar da wasan, ana ce masa Baba Okoro, gajere mai furfura, ƙafarsa ɗaya tana ɗan ja. Kwana uku yana kallona, a na huɗu ya miƙo mini raket ɗinsa ya ce in buga ya gani. Na buga, ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗa gidan mutane. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in dawo gobe bayan aiki. Haka muka fara. Sisi bai taɓa karɓa a hannuna ba.

Ƙarfi kam Allah Ya ba ni. Kafaɗar da ta saba da kankare ba ta jin nauyin raket. Kafin shekara biyu 'yan kulob suna kirana Aradu, ni kuma sunan ya shiga kaina ya zauna. A nan kuskurena na farko ya samo asali. Baba Okoro yakan ajiye raket a ƙasa, ɗan gaba da ƙafata ta hagu, ya ce in jefa ƙwallo sama in bar ta ta faɗo a kan zaren, sau hamsin, ba bugu. Yakan ce, "Saidu, no be fight. Throw am well first." Wato ba faɗa ba ne, in gyara jifar tukuna. Ni kuwa gani nake wannan wasan yara ne. Da ya juya baya sai in yi goma in ce na cika, in koma maka ƙwallo don mutane su ji ƙara su waiwayo. Sakamakon haka, jifata ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Yau gaba, gobe baya, ni kuma kullum ina bin ta kamar mai kamun fara. Ranar da ta dace ba mai iya tare ni. Ranar da ba ta dace ba, ni ke cin kaina da kaina.

Ummi, sabis ba a hannun raket yake ba, a hannun jifa yake. Ki riƙe ƙwallon da kan yatsu, kada ki dunƙule ta a tafi. Hannun ya tashi a miƙe, gwiwar hannu ba lanƙwasa, wuyan hannu ba fizga, ki sake ta daidai idonki kamar mai ɗora kwano a saman kantar ɗaki, kuma ki bar hannun a sama har ki ga inda ta tsaya. Ki yi hamsin ɗin nan da na ƙi yi, kowace safiya, ko kocinki na kallo ko ba ta kallo. In jifa ta karkace a tsakiyar wasa, ki cafe abarki ki sake. Doka ba ta hana ba, kunya ce kawai ke hanawa, kuma kunyar sake jifa ba ta kai ta zubar da maki ba. Na lura kuma wani lokaci kina buga ƙwallo a ƙasa sau biyu kafin ki jefa, wani lokaci sau biyar, wani lokaci ko ɗaya. Ki zaɓi adadi ɗaya ki tsaya a kai, ki ja numfashi a wuri ɗaya, ko kina gaba ko kina baya. Jiki yana son abin da ya saba, ranar tsoro shi zai riƙe ki.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, don shi girman kai ne tsantsa. Kin san mai sabis dama biyu gare shi, in ta farko ta ɓaci yana da ta biyu, in ita ma ta ɓaci maki ya tafi ga abokin karawa ba tare da ya motsa ba. Baba Okoro ya so ya koya mini na biyu mai juyi, wanda ake shafar bayan ƙwallo daga ƙasa zuwa sama, ta hau can bisa raga sannan ta sunkuyo cikin gida, wato ɗan filin da aka shata inda dole sabis ya faɗa. Sai an canza riƙo, a kama raket kamar yadda ake kama guduma. Na gwada mako ɗaya, ƙwallo na tafiya inda ta ga dama, wasu 'yan kulob suka yi mini dariya, ɗaya ya ce Aradu ya koma yayyafi. Daga ranar na koma tsohon riƙona. Na ce wa Baba, "Ni namiji ne, ba na lallaɓa ƙwallo." Ya dube ni ya girgiza kai.

Shi ya sa da na ga kin ƙara ƙarfi a na biyu jikina ya mutu. Kin ci wasan ranar, na sani, har aka zaɓe ki. Amma yarinyar da kika kara da ita tsoron ƙarfinki take ji. A Fatakwal za ki haɗu da waɗanda za su tsaya kawai su jira ki ba su maki kyauta. Ki koyi mai juyin nan ko za a yi miki dariya wata uku. Ba cewa na yi ki sassauta hannu ki tura ƙwallo kamar mai miƙa sadaka ba, wannan ma wata hanyar faɗuwa ce. Saurin hannun yana nan yadda yake, juyi za ki sa shi ya yi maimakon duka. Ki jera gwangwanayen tumatir uku a cikin gidan sabis, biyu a kusurwoyin can nesa da raga, ɗaya a tsakiyarsu, ki riƙa nufarsu. Kada ki bar fili sai kin saka goma a jere ba kuskure, in kin ɓata a ta tara ki koma ɗaya. Za ki ji haushi, za ki ji kamar ki yi kuka. Wannan matsin na ta tara shi ne ɗan'uwan wanda za ki ji ranar gasa, gara ki saba da shi tun babu mai kallo.

Tabon nan da ke girata ta dama, wanda na ce muku ƙofar mota ce ta buge ni, ƙarya na yi muku, Allah Ya yafe mini. A gaban raga na same shi. In ɗan wasa ya matso kusa da raga yana tare ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba, abin da suke kira boli, ba shi da lokacin ɗaga hannu baya. Ni kuwa komai sai na wawuro shi da ƙarfi. Wata rana muna atisaye, raket ɗina yana rataye a gefen cinyata, ƙafafuna a dashe, wani ya sako mini ƙwallo kai tsaye. Kafin in kai hannu baya in dawo da shi, ta iso. Na fizgo raket a makare, bakinsa ya sare mini gira. Jini ya rufe mini ido, Baba Okoro ya ɗaure mini kai da tawul ɗinsa ya kai ni kemis a bayan okada, yana faɗa yana ƙarawa har muka isa. Da ɗinkin ya warke, kin san me na yi? Na ci gaba da wawura.

Ranar Asabar sau huɗu kika matso raga, sau uku kika kai hannu baya. Ki daina. Kin sha ganin yadda ake sauke doya a Ose, na kan mota ya jefo, na ƙasa ya tara hannu gaba ya tarbe ta. Bai taɓa marin ta ba. To haka boli yake. Raket a gabanki, kansa sama da wuyan hannunki, inda idonki ke ganinsa. Daidai lokacin da abokiyar karawarki za ta buga, ki ɗan yi tsalle kaɗan ki sauka a kan yatsun ƙafa biyu, daga nan ko ina ƙwallo ta nufa kina iya tashi. Ki taka gaba ki tare ta, ƙafa ce ke ba ta ƙarfi, hannu riƙewa kawai yake yi. In ta zo ƙasa, gwiwa za ki lanƙwasa, kada ki saki kan raket ya faɗi. Bango shi ne malamin wannan. Ki tsaya taku uku daga gare shi ki riƙa tarewa ba ta taɓa ƙasa ba, har hannunki ya yi zafi. Bango ba ya gajiya, ba ya kuma yi wa mutum ƙarya.

Yanzu ga wanda ya fi yi mini nauyi. Garin da za ki, ni ma gasa ta taɓa kai ni. Baba Okoro ya raka ni da kansa, muka kwana a wajen 'yan'uwanmu masu sayar da shanu, shi kaɗai Inyamiri a cikinmu, yana cin tuwo da miyar kuka yana santi. Na ci wasa uku, saura ɗaya in kai na ƙarshe. Aka haɗa ni da wani siririn malamin makaranta wanda bugunsa ko ƙuda ba zai kashe ba, sai dai duk abin da ka aika masa zai dawo maka da shi. An yi ruwa da safe, ƙwallaye sun yi nauyi. Duk da haka na kai inda saura maki ɗaya in gama da shi, sabis kuma a hannuna.

Na jefa, ta karkace, na bi ta. Raga. Na ji muryar Baba daga benci yana cewa in yi a hankali. Na cije leɓe na maka ta biyu da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni. Waje. Maki na gaba na ruga raga, mutumin ya ɗago mini wata ƙwallo mai sauƙi wadda ko ke kina 'yar shekara biyar za ki tare, na wawure ta, ta je ta daki waya. Daga nan ban ƙara gane inda jifata take ba. Ina ji ina gani wasan da ke tafin hannuna ya zube, ni na zubar da shi, mutumin tsayawa kawai ya yi.

Da aka tashi, Baba Okoro ya jawo ƙafarsa ya zo da gorar ruwa. Ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, ranar Litinin za mu fara daga jifa. Ummi, ban san abin da ya hau kaina ba. Na ture hannunsa, na ce masa a gaban jama'a, "Kai ka lalata mini hannu da wasan yaranka! Da ka bar ni yadda nake da na ci!" Na ɗaga raket ɗin, nasa ne, wanda ya ba ni tun ranar farko, na maka shi a ƙarfen raga ya rabe biyu. Dattijon ya sunkuya da ƙyar ya tsince guntayen. Ni kuwa na nufi tasha, maimakon motar Inugu na shiga ta Anaca, don a can ba wanda ya san ni. Na fara dako a Ose, daga dako na koma albasa, har Allah Ya rufa asiri.

Tsakanin Anaca da Inugu ba wata tafiya ba ce. Na zo Asata ya fi a ƙirga. Kowane zuwa sai in ce wannan karon zan je in ba shi haƙuri, kowane zuwa kunya ta mayar da ni. Ranar Asabar, kina can kina gaisawa da kocinki, na zagaya wajen tsohon mai gadin filin na tambaye shi Baba Okoro. Ya ƙura mini ido ya daɗe, sannan ya ce, "Kai ne Saidu?" Na ce ni ne. Ya ce Baba ya rasu damina biyu da suka wuce. Ya ce har ƙarfinsa ya ƙare, in ya shiga Ogbete ya ga Bahaushe sai ya tsayar da shi ya tambaya ko ya san wani Saidu mai ƙarfin hannu, a gaya masa ya dawo, fushi ya wuce tuntuni.

Wannan ne shirun da kika gani, Ummi. Ban iya buɗe baki ba, don in na buɗe kuka zan yi a gaban ƙawayenki.

Za ki faɗi wasa a Fatakwal. Ba baki nake miki ba, duk mai riƙe raket yana faɗuwa. Ranar da hakan ta faru, ki kama bakinki har zuciyarki ta huce. Ki miƙa wa wadda ta ci ki hannu, ki karɓi ruwan da aka miƙo miki, ki kwana, sannan ki je ki tambayi mai koya miki me ya ɓaci. In kuma shaiɗan ya riga ki kika faɗa wa wani magana, kada rana ta faɗi sau biyu ba ki je kin ba shi haƙuri ba. Kunyar kwana ɗaya tana da sauƙin ɗauka. Ni na bar tawa ta shekara talatin, yanzu ba ni da wanda zan kai wa.

Fatakwal garin ruwa ne, ki kula da santsin fili, in ƙwallo ta jiƙe ki ɗaga bugunki sama da raga fiye da yadda kika saba. Kada jadawalin horo ya cinye miki salla, ki gaya musu lokutanki tun ranar farko, mutane suna girmama wanda ya faɗi nasa a fili. In kewar gida ta dame ki, akwai unguwar mutanenmu, Goggonki ta san gidan da za ki je ki ci tuwo ki ji Hausa.

Jiya bayan la'asar na ce bari in sauke kayan nan gaba ɗaya. Na sami Mamanki a tsakar gida tana tsintar wake, na zauna na kwashe duk labarin nan na faɗa mata, ina jiran in ga ta saki tire. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, ai na sani."

Na ce, "Kin san me?"

Ta ce, "Tun ina amarya nake ganinka ta taga, in ka ɗauka ba kowa sai ka jefa albasa sama ka kai mata duka da iska. Na tambayi Lami ta faɗa mini. Da Ummi ta ce tana son wasan, ni na ce a bar ta, kuma ni na ce kada a gaya maka sai ta iya, don kada ka hana ta saboda ciwon da ke ranka."

Ashe duk shekarun nan ni kaɗai ne a gidan nake gadin sirrin da kowa ya sani. Ta ture mini tiren ta ce tunda na zauna in taya ta tsinta, na kuwa taya ta.

Ki je, Ummi, da yardata da ta mahaifiyarki. Ki yafe mini shirun da na yi miki da ƙaryar da na yi muku. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya daidaita miki hannu da zuciya, Ya haɗa ki da malamai na gari Ya kuma ba ki kunnen jin maganarsu, Ya dawo mana da ke lafiya. In kin sauka ki kira Mamanki tukuna, don ita ta riga ni sanin ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Sa'idu